Gidan Ƙanwata na Bakin Teku

Annandale, Virginia
12 ga Maris, 1984

Zuwa ga Yayana, Malam Chuwang,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, da matarmu Dorkas da yara, da dukan mutanen Bukuru. Yaya ƙafar nan taka? Ni ina nan lafiya, sai gajiyar asibiti da ba ta ƙarewa.

Yaya, albishirinka. Na sayi gida. Ka duba hoton da na sa a cikin ambulan. Barandar da nake tsaye a kai tawa ce, ruwan da ke bayana kuwa teku ne, ba kududdufin kuza irin namu ba. Sunan garin Ocean City, tafiyar awa uku ce a mota daga nan. Irin gidan da suke kira kondo ne, wato dogon bene guda, kowa da nasa sashen. Nawa yana hawa na tara, ɗaki ɗaya da falo da kicin.

Ba zama zan yi a ciki ba. Turawan nan, da zarar bazara ta shigo, sai su kwashi yara su tafi bakin ruwa su kwanta a rana kamar ƙadangaru, suna biyan haya mako-mako. Daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta kasuwar take ci. Abin da aka tara a wata ukun nan shi ke biyan banki har shekara ta zagayo, domin kaɗan na bayar daga aljihuna, sauran banki ne ya ranta mini. Akwai wata Baturiya, ejan, da za ta riƙa zuba 'yan haya tana cire ladanta. Ni dai nawa in zauna a nan in ci gaba da aikina.

Niyyata ita ce, in Allah ya kai mu shekara goma, in sayar da shi, in tattara in dawo gida in buɗe ɗan asibitin haihuwa a Bukuru. Shekara bakwai ina obataim, wato ƙarin awannin aiki, ba Kirsimeti ba Ista, duk abin da na tara yana cikin gidan nan. Ba ni da wata hanyar dawowa sai shi. Tun da aurena ya mutu na san abin da ake faɗa a gida, wai Chundung ta tafi Amurka wankin tsofaffi. To, ka nuna musu hoton.

Ka gaishe mini da kowa da kowa. Allah ya bar mu tare.

Ni ce ƙanwarka,
Chundung

Bukuru
9 ga Mayu, 1984

Zuwa ga ƙanwata Chundung,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa wasiƙarki ta same ni lafiya. Na karanta ta da tabarau, na cire shi na share ido, na sāke karantawa. Da Baba yana da rai, da ya yanka akuya.

Ranar Lahadi na miƙa hoton aka zagaya da shi bayan sujada, daga bencin dattawa har na zumuntar mata. Waɗanda suka yi surutu a da, su ne yanzu suke tambaya ko teku yakan shigo ɗaki. Na ce musu hawa na tara ne, sai dai in Allah ya sāke aiko da ruwan Nuhu.

Yanzu ga magana. Rabaran Dabo da maiɗakinsa za su zo ƙasarku taron ikkilisiya a watan Yuli. Da ya ga hoton sai ya ce shi bai taɓa ganin teku ba. Ni kuwa na ce masa, Rabaran, gidan ƙanwata gidanka ne. Za su huta mako biyu a can bayan taro. Zai kira ki a waya idan sun sauka.

Na ga abin da kika rubuta game da haya. Bature ya biya, wannan daidai ne. Amma mutumin da ya yi miki baftisma ba za a ce masa ya nemi otal ba, alhali ɗakinki yana nan. Baƙo raɓa ne, yanzu zai wuce. Albarkar da zai bari a gidan ta fi dalar mako biyu.

Ƙafa da sauƙi. Fansho ne dai har yanzu shiru, fayil ɗina yana can Jos yana barci. Dorkas tana gaisuwa.

Ni ne yayanki,
Chuwang

Annandale
16 ga Satumba, 1984

Yayana,

Ina gaisuwa da ladabi. Ina fata damina ta yi albarka, dankali bai ruɓe ba.

Rabaran da Mama sun zo sun tafi lafiya. Ni na kai su da motata, ni na ɗauko su. Sun ji daɗi ƙwarai. Rabaran ya tsaya a baranda ya yi addu'a har na hawa na takwas suka leƙo. Sun bar mini kwanon acca da kwalbar zuma, na gode.

Amma Yaya, bari in faɗa maka abin da ba za su faɗa maka ba, don ba su sani ba. Makonnin nan biyu an riga an ba wa waɗansu 'yan haya tun cikin sanyi. Sai da ejan ta mayar musu da kuɗinsu, ta kuma ci ni tara. Mama ta dafa miyar daddawa da busasshen kifi, ƙamshi ya bi lif ya sauka har ƙasa. A wurinmu ƙamshi ne, a wurin maƙwabta ƙara ce. Ta shanya zannuwa a baranda, ashe dokar ginin ta hana, wannan ma takarda ta zo. Ban nuna musu komai ba, na yi ta murmushi har kumatuna suka yi ciwo.

Wannan ma ƙarami ne. Rabaran ya yi wa'azi a taron 'yan Filato na Washington kafin ya tafi, ya yabe ni a gaban jama'a, ya ce ga 'yar da ta buɗe ƙofarta. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba. Wanda ban gani ba shekara uku ya tuna ashe kakarsa da kakarmu 'yan ƙauye ɗaya ne. Ɗalibanmu na jami'ar College Park su shida suka roƙi ƙarshen mako, suka yi kwana biyar suka bar mini yashi har cikin firji. Yaya za ka ce a'a bayan an ambaci sunanka a kan bagadi?

Na cike giɓin da obataim, ba laifi. Roƙo ɗaya nake yi. In za ka turo baƙo, ka turo shi daga Oktoba zuwa Afrilu. A lokacin gidan yana nan fayau, ko wata uku mutum ya yi ba zan ce uffan ba. Wata ukun bazara kawai nake so a bar mini, su ne abincin gidan.

Ka gai da matarmu, ka ce mata na ga saƙon barkono.

Ƙanwarka,
Chundung

Bukuru
20 ga Afrilu, 1985

Zuwa ga Chundung,

Bayan gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba, domin wasiƙarki ta Satumba sai da na ajiye ta ta huce.

Kin ce in turo baƙi lokacin sanyi. Na tambayi Rabaran, ya ce a lokacin garin kango ne, kantuna a rufe, iska tana yanka kunne. Wato naman a ba Bature, ƙashi a ba namu. Ban koya miki haka ba.

Albishir, fanshona ya fito. Wanda ya tono fayil ɗin daga inda aka binne shi shi ne Mista Kambai na ofishin kuɗi, mutumin Kagoro. Bai karɓi ko kwabo ba. Na rasa abin da zan yi masa, sai na ji zai kai iyalinsa ganin ɗan'uwansa a Baltimore cikin Agusta. Na ce masa akwai gida a bakin teku. Na faɗa a gaban mutane, magana kuwa zarar bunu ce.

Ba na son gori, amma tunda kin kawo lissafi, bari in tuna miki. Shekarar da kika shiga makarantar jinya ta Vom, albashin malamin firamare nake ɗauka. Kekena na sayar, na yi shekara biyu ina zuwa makaranta a ƙasa. Ban ce miki ki zo karatu lokacin da ya fi mini sauƙi ba. Kuma ke da bakinki kika ce in nuna hoton. Ba a nuna wa mutane rumbu sannan a ce musu ba a ɗiba.

Banki ba ya gudu, gida ma ba ya gudu. Ki yi haƙuri da mako uku. Allah ya yi miki albarka.

Yayanki,
Chuwang

Annandale
27 ga Oktoba, 1985

Yaya Chuwang,

Ina gaisuwa. Ina taya ka murnar fansho.

Mista Kambai ya zo. Ba ka gaya mini su tara ba ne. Ɗan'uwan na Baltimore ma ya biyo su da nasa yaran. Ɗaki ɗaya da falo, Yaya. Sun karya gadon falo, sun toshe bahon wanka, ruwa ya zuba wa na ƙasa. Da za su tafi ya riƙe hannuna biyu ya ce in gaishe ka, kai mutum ne mai alheri. Gaskiya ya faɗa. Alheri da kayan wani ba ya da wuya.

Ejan ta ajiye mini makullaina. Ta ce ba za ta yi aiki da mai gidan da ke ƙwace makonnin da suka fi tsada ba. Yanzu ni ce ejan, ni ce mai shara. Ran Asabar in na tashi daga aiki sai in kama hanya, in tsaya cikin layin motoci a kan wata doguwar gada da ke hanyar, in je in wanke bayan gidan da wani ya ɓata, in canja zanin gado, in juyo. Sannan ga guguwar da aka yi a ƙarshen Satumba, ta yaye rufin ginin, an raba mana kuɗin gyara. Banki ya rubuto mini sau biyu. Ka ce banki ba ya gudu. Ai ba gudu yake yi ba, zuwa yake yi.

Keken nan naka, wallahi ban manta ba. Na yi kuka ranar da ka sayar da shi, na yi kuka da na karanta wasiƙarka. Amma ka faɗa mini, sau nawa zan biya keke ɗaya? Kuɗin makarantar 'yarka Irene, rufin kwanon gidanka, maganin ƙafarka, duk ban taɓa ƙirgawa ba sai yau da ka sa ni.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Daga yau duk wanda ya zo cikin bazara zai biya abin da Bature yake biya, ko wane ne shi. Kada ka ƙara yi wa kowa alkawari. In ba haka ba gidan zai tafi, in ya tafi kuwa a nan za a binne ni.

Ka gafarce ni in na yi kaushi. Ka gai da gida.

Chundung

Bukuru
18 ga Janairu, 1987

Sista Chundung,

Ni ce Dorkas. Barka da sabuwar shekara. Yaya aiki, yaya sanyi? Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ni da biro ba mu saba ba. Yayanki bai san na rubuto ba.

Ya rantse ba zai ƙara rubuta miki ba, shi ya sa kika ji shiru fiye da shekara. Ni kuma na gaji da zama tsakaninku.

Sista, me ya kai ki? Da wani ne da sauƙi, amma Madam Edna? Uwar mijin Irene? Na san kin gargaɗi yayanki. Amma a wurin bikin Irene, Madam Edna da kanta ta ɗauko zancen gidan a gaban dangin miji, ya ce mata bismilla, me kike so ya ce? Ta dawo daga wurin ɗanta na College Park ta bi gida-gida tana ba da labari, wai ta kira ki a waya kin karanta mata farashin mako kamar mai sayar da atamfa. Ta ce ashe gidan da ake taƙama da shi otal ne. Irene ta sha habaici a gidan miji har ta yi yaji sau biyu. Yayanki ya daina zama a bencin dattawa, can baya yake zama kusa da ƙofa, ana cewa amin ya fice. Hoton ma ya cire daga bango.

Ni ban ce ba ki da gaskiya ba. Ni mace ce, na san abin da ake nufi da tara abu da gumi wani ya yi kyauta da shi. Amma mutumin nan yana ramewa a gabana.

Ga abin da ya yanke. Ya ce shi da kansa zai zo cikin Agusta, da ni, ya kwana a gidan mako guda, a ɗauke shi hoto a barandar, ya kawo ya nuna wa garin cewa ƙanwarsa ba ta kori nata ba. In an yi haka, ya ce magana ta mutu. Kin san yadda naira ta faɗi. Ya sayar da akori-kurarsa da saniya biyu saboda kuɗin jirgi, kuɗin suna hannu. Takardar gayyata kawai muke jira daga wurinki don neman biza.

Don girman Allah kada ki ce a'a. Ki aiko da amsar ta hannun ƙanwata Constance a asibitin Jos, kada ta faɗa hannunsa.

Taki,
Dorkas

Annandale
5 ga Afrilu, 1987

Matarmu Dorkas,

Na gaishe ki, na kuma gode da kika rubuto. Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Babu gida. Banki ya karɓe shi a watan jiya.

Bazarar bara na hana kowa. Na hana Madam Edna, na hana 'yan cocinmu na nan, har aka daina kirana suna da biki. In na shiga taron 'yan Filato sai hira ta tsaya. Na cika gidan da Turawa tun daga Yuni har Agusta, amma ramin ya riga ya yi zurfi. Na sa shi a kasuwa, sai ga shi an canja dokar haraji, kowa yana neman sayar da nasa, ba mai saye. Abin da na zuba duk ya bi ruwa. Na yi biyu babu, Dorkas, ba gida ba mutane. Zancen asibitin haihuwa kuwa, ki daina ambatonsa a addu'a.

Na yi kwana da kwanaki ina rubuta wa Yaya gaskiya ina yagewa. Mutumin da ya sayar da motarsa don ya tsaya a baranda, in ce masa babu barandar? Zai ce ni na kashe shi, garin kuma zai ce dama ƙarya ce tun farko.

Saboda haka ga abin da na yi. Wanda ya sayi gidan daga banki, wani likitan haƙori ne, yana ba da shi haya ta hannun ejan ɗin nan da ta ajiye mini makullai. Na je na kama mako na biyu na Agusta. Ta gane ni sarai, ta karɓi kuɗina cif, ba ta rage ko sisi ba. Labulen da na ɗinka da hannuna suna nan a rataye.

Takardar gayyata tana cikin ambulan ɗin nan. Kada ki faɗa masa komai. Taimako biyu nake nema a wurinki: ki hana shi hira da maƙwabta, kuma ran Asabar ƙarfe goma na safe dole mu fita, domin akwai masu shiga bayanmu. In ya ce zai ƙara kwana, ke kika san abin da za ki ce masa. Ni bakina ya gaji.

Sai kun zo. Allah ya kawo ku lafiya.

Chundung

Bukuru
13 ga Satumba, 1987

Zuwa ga ƙanwata abar alfaharina, Chundung,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa. Mun iso gida lafiya. Gani ya kori ji. Gidanki ya fi hoto kyau, kin kuma riƙe shi da tsabta kamar ba a taɓa shiga ba. Abin da ya wuce ya wuce, na yafe miki har zuciyata.

Yau na koma bencin dattawa. Hotuna sun zagaya coci, bakin kowa ya mutu. Bayan sujada na je har gida na sami Madam Edna, muka yi magana ta manya. Domin a wanke abin da ya faru, na gaya mata badi gidan nata ne, watan Yuli gaba ɗaya, ita da duk wanda take so. Ta yi murna ƙwarai, ta riga ta aika wa ɗanta na College Park. Irene ma ta koma ɗakinta da dariya.

Dorkas ba ta jin daɗi tun da muka dawo, ba ta cin abinci sosai, ina jin gajiyar hanya ce. Ki sa ta a addu'a.

Allah ya ƙara miki wani gidan a kan wannan.

Ni ne yayanki mai ƙaunarki,
Chuwang